Gadchiroli: Yadda Allura Ta Koma Hannun Matan Ƙauye, Daji Ya Koma Hannun Masu Shi

Wanda duk saninsa da Indiya bai wuce fina-finai ba, da wuya ya yarda cewa Gadchiroli tana cikin ƙasar. Gunduma ce a ƙuryar gabashin jihar Maharashtra, jihar da Mumbai ke zaman babban birninta, amma tsakanin su biyun akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 14,000, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan fili daji ne: manyan itatuwan katako, gora, da bishiyar mahuwa wadda ake cin furenta, a kuma dafa giya da shi. A ƙidayar 2011 mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya. Kusan kashi 39 cikin ɗari daga cikinsu 'yan ƙabilun da ake kira Adivasi ne, mazauna dajin na asali, yawanci Gond da danginsu Madia. A duk faɗin Indiya wannan ƙidaya ta nuna Adivasi sun kai miliyan 104. Yawan bai rage su da komai ba, domin in aka zo batun lafiya, karatu da abin hannu, su ne a ƙarshen layi.

Talaucin nasu ba daga kakanni suka gaje shi ba. Gond sun taɓa yin sarauta a wannan yanki, kuma ganuwar babban birninsu, Chandrapur, tana nan tsaye har gobe. Sarautar ta faɗi a hannun Maratha a ƙarni na 18, amma talaka ya ci gaba da ci da sha daga dajinsa. Doka ce ta raba shi da shi. Turawan Ingila suna son katako don shimfiɗa layin dogo, sai suka kafa dokokin gandun daji a 1865 da 1878, suka ƙara ɗaure su a 1927. Dare ɗaya daji ya zama na gwamnati, wanda aka haifa a cikinsa kuma ya zama mai shiga ba izini. Matar da ta yo itacen girki ko ta saro gorar yin kwando, ta san in ta haɗu da malamin daji, ko tara ko cin hanci. Aka samu 'yanci a 1947, tsarin mulkin 1950 ya ware wa waɗannan ƙabilu kujeru a majalisa da guraben aiki, Firaminista Nehru kuma ya yi ta jaddada cewa a mutunta haƙƙinsu a kan ƙasa da daji. Duk da haka dokar 1927 ba ta gusa ba. Gorar yankin aka ba kamfanin takarda a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ganyen tendu, wanda ake naɗe tabar talakawan Indiya da shi, ya zama na 'yan kwangila, matan da ke tsinkarsa cikin zafin bazara kuwa sai ladan da aka ga dama.

A cikin wannan hali ne Baba Amte, mutumin da ya yi suna wajen kula da kutare, ya kafa wata cibiya a Hemalkasa, can kudancin dajin, a watan Disamba 1973. Ɗansa Prakash da matarsa Mandakini, dukansu likitoci, su suka tare a wurin. Ba hanya, ba lantarki, in damina ta sauka koguna su yanke wurin daga duniya na tsawon watanni. Madia na wancan lokaci da sun hango baƙo sanye da tufafi sai su shige daji, domin ba su taɓa ganin alheri daga mai riga ba. Likitocin suka koyi harshen Madia, suka zauna suna jira, har aka fara kawo musu waɗanda boka ya sallama: wanda beyar daji ta yage wa fuska, wanda maciji ya sara, yaron da zazzaɓi ya hau wa kai. A 1976 suka buɗe makarantar kwana. Daga cikin yaran da suka fara zama a ƙasa suna koyon baƙi a wurin, an samu malamai da lauyoyi da likita. A 2008 aka ba ma'auratan lambar yabo ta Magsaysay. Ba mai raina wannan aiki sai wanda bai san daji ba. Sai dai irinsa yana da iyaka: asibiti ɗaya ne, likita biyu, kuma maras lafiya shi ne zai taso, wani lokaci a ɗauke shi a kan gado a yi kwana biyu ana tafiya.

Aka yanke Gadchiroli daga Chandrapur aka mai da ita gunduma a 1982, wurin da ma'aikacin gwamnati ke ɗaukar turawa can a matsayin horo. Bayan shekara huɗu wasu ma'auratan likitoci suka iso. Abhay Bang ya tashi a Sevagram, mazaunin Gandhi da ke Wardha, mahaifinsa kuma almajirin Gandhi ne. Matarsa Rani likitar mata ce, 'yar Chandrapur. Sun yi karatu tare a Nagpur, suka tafi jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka karanci lafiyar al'umma, suka dawo a 1984. Da wannan takarda, babu babban asibitin da ba zai yi maraba da su ba. Sai suka kafa ƙungiya mai suna SEARCH, suka fara aiki a Gadchiroli a 1986.

Bincikensu na farko a kan sikila ne, cutar da mu ma muka san zafinta a gidajenmu. Suka bi ƙauyuka suna ɗibar jini, suka gano tana da yawa a yankin, manya suka yaba. Da suka koma wa dattawan ƙauyukan suna neman a haɗa hannu, amsar da suka samu, kamar yadda Abhay ya sha ba da labari, ita ce: mu mun taɓa kawo muku kukan wannan cuta? Kun zo kun nemi ɗigon jini mun ba ku, abin da kuka gani a ciki kuma naku ne. Dattawan ba su ce babu sikila ba. Abin da suke nufi shi ne, ba wanda ya tambaye su abin da ke hana su barci. Daga wannan rana ma'auratan suka ɗaura wa kansu ƙa'ida, cewa ba za su ƙara binciken abin da mutanen ba su kawo da bakinsu ba. A ganina nan ne tarihin aikin ya juya, domin duk abin da ya biyo baya daga zaman tambaya ya fito.

Mata ne suka fara magana, kuma sai da Rani ta daɗe tana zama da su kafin bakinsu ya buɗe. Abin da suke ɓoyewa shi ne ciwon da ba a faɗa a gaban miji: farin ruwa, ciwon mara, ƙaiƙayi, rikicewar al'ada. A lokacin hukuma ba ta san mace ba sai ta fuska biyu, ko tana da ciki, ko ana so a tsayar mata da haihuwa. Rani ta shawo kan ƙauyuka biyu, ta duba mata 650 ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 1989 ya girgiza masana: kashi 92 cikin ɗari na matan suna ɗauke da aƙalla cuta ɗaya ta mata, kuma kashi 8 kacal ne aka taɓa dubawa ko aka yi wa magani. Binciken ya shiga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa har zuwa taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, inda aka amince cewa lafiyar mace gaba ɗaya ce abin dubawa, ba yawan 'ya'yanta kaɗai ba. A Gadchiroli kuwa, abin da aka yi da shi ya fi wannan kusa da ƙasa. Aka tara ungozomomi, tsofaffin da ba su san ko bihim ba a karatu, aka koya musu gane waɗannan cututtuka da ba da maganin masu sauƙi.

Da matan suka ga ana saurare, sai suka kawo ƙara ta biyu, wadda ba ta cikin littafin likita. Giya. Ba wadda ake dafawa da furen mahuwa a sha a bikin gargajiya ba, a'a, ta kanti mai lasisin gwamnati, wadda ke cinye ladan tendu tun kafin a kai shi gida, ta kuma dawo da maigida da duka. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyoyin mata da na samari suka tashi tsaye. Suna tare hanya, suna fasa tukwane, suna cin tarar mashaya a dandalin ƙauye. Shugabannin ƙabilu da sauran ƙungiyoyi suka mara musu baya, har gwamnatin jiha ta haramta sayar da giya a gundumar a 1993. Ba a ce giya ta ƙare ba. Ana shigo da ita ta bayan fage, shi ya sa a 2016 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna Muktipath don yaƙi da ita da taba ƙauye-ƙauye. Amma maƙwabciyarsu Chandrapur ta kafa irin wannan doka a 2015 ta janye a 2021, ta Gadchiroli kuwa ta haura shekara talatin, saboda ba daga ofis ta sauko ba, kuma duk lokacin da aka motsa maganar janye ta, matan ne ke fara fitowa.

Asibitin da suka gina a 1993 a cikin daji, a wurin da suka raɗa wa suna Shodhgram, shi ma da tambaya aka fara shi. Aka ce wa Gond, me ya sa kuke gudun asibiti? Suka ce ginin ya cika girma, mutum yana ɓacewa a ciki. Ma'aikatan suna sanye da farare, mu kuwa gawa muke naɗewa da fari. Ana korar dangi a bar majinyaci shi kaɗai, ana yi masa magana da harshen da ba ya ji, kuma wuri ne da babu abin bauta a cikinsa. Sai aka yi asibitin bukka-bukka, kowace da wurin kwanan dangi da wurin girki. Ɗakin karɓar baƙi aka yi shi da siffar ghotul, zauren taron samari da 'yan matan Gond. Aka kuma sa wa asibitin sunan Danteshwari, wadda suke bauta wa. Mai karatu ba sai ya yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin ya ga hikimar: wanda zai kwanta a ɗakin shi aka bari ya faɗi yadda za a gina shi. Bokayen ma ba a yi gaba da su ba. An jawo su, aka nuna musu alamomin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani don su turo majinyaci da wuri. Daga baya aka riƙa yin taron shekara-shekara inda wakilan ƙauyukan ƙabilu ke zaɓar matsalar lafiyar da za a sa a gaba.

Amma aikin da ya kai sunan Gadchiroli duniya na yara ne. Da suka fara ƙirga mace-mace gida-gida, suka tarar cikin kowane jariri 1,000 da aka haifa da rai, 121 ba sa cika shekara. Babban mai kisa a cikin ƙananan yara shi ne ciwon huhu. Maganinsa sananne ne, kuma ba tsada, matsalar ita ce wa zai gane ciwon a ƙauyen da babu likita. Alamarsa saurin numfashi ce: jaririn da bai kai wata biyu ba in ya kai 60 a minti ɗaya, ɗan ƙasa da shekara in ya kai 50, wanda ya fi haka in ya kai 40. To ungozomar da ba ta da agogo, ba ta kuma saba ƙirga har hamsin ba fa? Abhay ya ƙera mata wani ɗan allo mai agogon yashi na minti ɗaya da jerin duwatsu kamar na carbi. Duk numfashi goma ta tura ɗaya. In ta kai ga jan dutse kafin yashin ya gama zuba, ciwon huhu ne, sai ta ba da magani. Aka gwada tsarin a ƙauyuka 58, aka kwatanta da wasu 44. A 1990 Lancet ta buga sakamakon: mutuwar yara daga ciwon huhu ta ragu da fiye da rabi.

Da wannan ya lafa sai ragowar mace-macen suka fito fili, kuma mafi yawansu a watan farko na haihuwa suke. A nan duk masana sun sallama. Abin da aka sani shi ne jariri maras lafiya sai asibiti, sai kwalba, sai ƙwararren likita. A Gadchiroli ta wancan lokaci kuwa kusan kowace haihuwa a gida ake yin ta, a ɗaki mai duhu da namiji ba ya shiga, kuma al'ada ta hana fita da ɗanyen jariri. Ko an yarda a fita da shi, ina kuɗin mota, ina motar, ina gadar? Ma'auratan suka ce tunda jariri ba zai je asibiti ba, a kai masa abin da ya fi buƙata daga asibitin har ɗakin uwarsa. Wanda zai kai kuwa mace ce 'yar ƙauyen, matar aure wadda ta yi 'yan shekaru a makaranta, wadda mai jego ba za ta ji nauyinta ba.

Daga 1995 zuwa 1998 aka yi gwajin a ƙauyuka 39, aka bar wasu 47 don kwatanci. Kowane ƙauye aka ɗauki mace ɗaya, aka kira su arogyadoot, jakadun lafiya. A shekarar farko ba su yi komai ba sai kallo da rubutawa. Suna halartar haihuwa, su auna nauyin jariri da zafin jikinsa, su riƙa dawowa a ranakun da aka tsara har ya cika wata. Daga bayanansu aka gane cewa cutar da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a jini da huhu ita ce ta fi kashewa, sai rashin numfashi a lokacin haihuwa, da haihuwar bakwaini, da sanyi. Sai aka koya musu aiki mataki-mataki: yadda za a share bakin jaririn da bai yi kuka ba a hura masa iska, yadda za a ɗumama ƙaramin jariri a cikin jakar ɗumi, yadda za a taimaki uwa ta ba da nonon farko wanda da ake matsewa a zubar. Sannan aka zo kan abin da ya tayar da ƙura, wato allura. Aka koya wa matar ƙauye ta gane alamomin cutar jini, ta auna maganin jentamaisin daidai da nauyin jariri, ta yi masa allura a cinya, ta haɗa da na sha.

Likitoci da yawa sun ga wannan a matsayin ganganci, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, domin kuskuren awo a jikin ɗan kwana uku ba wasa ba ne. Amsar da SEARCH ta bayar ita ce horo mai tsanani, mai duba aiki da ke zagayowa a kai a kai, da rubuta kowane abu. Ga abin da ya fito a Lancet a 1999. Kafin a fara, jarirai 62 cikin 1,000 ke mutuwa a watan farko a ƙauyukan gwajin. A shekara ta uku adadin ya sauko zuwa wajen 26, alhali a ƙauyukan kwatanci yana nan kusa da 60. A cikin jariran da cutar jini ta kama, mutuwa ta faɗo daga kusan kashi 17 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Kuɗin da aka kashe a kan kowane jariri bai wuce dala biyar da 'yan kai ba. Zuwa 2003, waccan 121 ta mutuwar 'yan ƙasa da shekara ta koma wajen 30. Ya kamata a faɗi cewa yawancin waɗannan ƙauyuka 39 na manoma ne, ba na cikin ƙurmin daji ba. Kai tsarin ƙauyukan Gond na yankin Dhanora ya fi wuya, saboda gidaje a warwatse suke, kuma samun mace mai karatu ma aiki ne. An kai shi, amma a hankali.

Akwai ribar da ba ta shiga lissafin mujalla ba. Matar da da ba a jin muryarta ko a tsakar gidanta, yau ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare. Ta san abin da mai gari bai sani ba, tana da ɗan abin da take samu na kanta, 'yarta kuma ta tashi tana ganin haka.

Lafiya kaɗai ba ta cika ciki, kuma a wani ƙauyen Gond mai suna Mendha Lekha, mai mutum wajen 500, an daɗe da gane haka. Tun a shekarun 1980 mutanen yankin suka yi gangamin da ya taimaka wajen dakatar da manyan madatsun ruwa biyu, na Inchampalli da Bhopalpatnam, waɗanda da sun haɗiye dazuzzuka da ƙauyuka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga wannan gwagwarmaya da sabon tunani shi ne Devaji Tofa. Shi da mutanensa, tare da wani ɗan gwagwarmaya Mohan Hirabai Hiralal, suka farfaɗo da majalisar ƙauye bisa manufar cewa gwamnatin Delhi da ta Mumbai tasu ce, amma a cikin ƙauyensu su ne gwamnati. Ba a yanke hukunci da rinjaye, sai kowa ya yarda. Ba baƙon da zai taɓa dajin, ko jami'i ne, sai da izinin majalisa. Da aka nemi mata su shigo, sai suka gindaya sharaɗi: a fara daina giya, don ba za su zauna shawara da bugaggu ba. Aka yarda. Da suka sari katako suka gina ghotul ba tare da izini ba, ma'aikatan gandun daji suka zo da 'yan sanda suka rushe. Maƙwabtan ƙauyuka suka amsa da gina nasu, har hukuma ta gaji.

Doka ta biyo su a baya. A 1996 majalisar ƙasa ta ba majalisun ƙauyuka na yankunan ƙabilu iko a kan al'amuransu. A 2006 ta zartar da dokar haƙƙin mazauna daji, wadda a gabatarwarta ta amsa cewa an daɗe ana zaluntar waɗannan mutane. Dokar da ƙa'idojinta sun ce takardar mallakar gona a rubuta ta da sunan miji da mata tare, kuma kwamitin da ke karɓar buƙatu dole kashi ɗaya cikin uku mata ne. A 2009 Mendha Lekha da wani ƙauye mai suna Marda suka zama na farko a ƙasar da aka ba haƙƙin mallakar daji na al'umma, na Mendha ya kai hekta 1,800. Duk da haka ma'aikatar gandun daji ta hana su fitar da gora, tana cewa gora katako ce. Sai a Afrilun 2011 ministan muhalli na ƙasa, Jairam Ramesh, ya taka har ƙauyen aka miƙa wa majalisarsu littafin izinin fitar da kaya. A shekarun farko suka sayar da gora ta wajen rupi miliyan 10, suka biya masu sara lada mai kyau, ragowar ta shiga asusun ƙauye. Ɗaruruwan ƙauyukan gundumar suka bi sahu, wasu suka fara yin gwanjon ganyen tendu da kansu. A yankin Korchi majalisun ƙauyuka kusan 90 suka haɗu a inuwa ɗaya, kuma ƙungiyoyin matan yankin suka dage har aka amince kowane ƙauye ya turo maza biyu, mata biyu.

Kada a ɗauka an kai gaci. Tun 1980 'yan tawayen Naxal masu aƙidar Mao suka shigo dajin, kuma ɗan ƙauye ya yi shekara da shekaru yana tsaka mai wuya: 'yan tawaye su zarge shi da kai rahoto, 'yan sanda su zarge shi da ciyar da 'yan tawaye. Zazzaɓin cizon sauro har yanzu ya fi ƙarfi a nan fiye da ko'ina a jihar. A ƙauyuka da dama mace mai al'ada tana kwana a wata 'yar bukka a bayan gari, inda maciji ya hallaka wasu. Wannan kuwa ba baƙo ne ya kawo shi ba, al'adar gida ce, kuma majalisar ƙauyen da ta iya tsayawa gaban malamin daji ba kullum take iya tsayawa gaban dattawanta ba. A matakin ƙasa, binciken lafiyar iyali na 2019 zuwa 2021 ya nuna yaran ƙabilu 50 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar, alhali na ƙasa baki ɗaya 42 ne. A 2019 kotun ƙoli ta ba da umarnin a tashi iyalai fiye da miliyan ɗaya da aka ƙi amincewa da buƙatunsu na filin daji, kafin ta dakatar da umarnin bayan mako biyu. Sannan ga tama. A ƙarƙashin tsaunin Surjagarh, wanda Madia ke girmamawa, akwai ƙarfe mai yawa, kuma ana haƙarsa. A 2023 mutanen ƙauyuka da dama suka yi zaman dirshan a Todgatta na fiye da wata takwas don hana buɗe sababbin ramuka, har 'yan sanda suka watsa su a watan Nuwamba. Takardar mallakar daji ta tsare musu gora da ganye, abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa har yanzu ba su da ta cewa mai ƙarfi a kansa.

Aikin jakadun lafiya shi ne ya fi yin nisa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna shawartar ƙasashe su riƙa kai wa jarirai ziyara a gida. A 2011 gwamnatin Indiya ta sa tsarin cikin aikin matan da ake kira ASHA, ma'aikatan lafiya na ƙauye da yawansu ya kusa miliyan ɗaya, ko da yake horon da kulawar da suke samu ba su kai na Gadchiroli ba, kuma allurar ba a sakar musu ita yadda aka sakar wa jakadun ba. A 2018 aka ba Abhay da Rani lambar girma ta Padma Shri.

Tambayar da aka fara yi a wancan daji ta iso har ƙasarmu. An yi wani babban gwaji a Kwango da Kenya da Najeriya, don a ga ko za a iya yi wa jariri mai alamun cutar jini magani mai sauƙi a kusa da gida idan kai shi babban asibiti ya gagara. A Najeriya an yi shi a Ibadan da Ile-Ife da Zariya. Sakamakon ya fito a 2015, ya nuna ana iyawa, kuma a wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kai. Ke nan hujjar ba ta Indiya kaɗai ba ce, da jariranmu aka tabbatar da ita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 ke mutuwa a watan farko a Najeriya, kuma a arewa maso yamma mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta, a hannun ungozoma ko uwar miji. Kira ga kwamishinonin lafiya, da hukumomin lafiya a matakin farko, da masu riƙe da sarautun gargajiya: a kowane ƙauye da kowace ruga a zaɓi mace daga cikin mutanen wurin, a horar da ita da gaske, a biya ta a kan kari, a tura mai duba aikinta, kuma a tabbata ta ga kowane jariri tun kafin ranar suna.